Mashin a Zaure

A tashar 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwar Gwandu, Basharu ake wa laƙabi da Tsohuwa. Ba don shekaru ba, don ko arba'in bai cika ba, sai don irin tuƙinsa. Ba ya gudu, ba ya goyon uku, in ya hango rami tun daga nesa yake sassautawa. Samarin tashar kan ce duk wanda zai hau bayan Basharu ya riƙo abincin ranarsa. Amma matan Maruda da Dodoru da Ceberu, in za su zo awo ko za su kawo yaro asibiti, shi suke sa a kira musu, mazajensu kuma hankalinsu kwance in sun ji shi ne. Da mashin ɗin nan ya yi aure, da shi ya rufa wa mahaifiyarsa Inna Dije ɗaki da kwano, da shi yake ciyar da matarsa Lauratu da 'ya'yansu.

Wanda ya laƙa masa sunan kuwa ba wani ba ne, taubashinsa ne Tajuddeen, ɗan Kawu Garba ƙanen Inna. Taju dogo ne, mai surutu da barkwanci, in yana tasha ba mai yin gyangyaɗi. Basharu ne ya koya masa tuƙi a filin makaranta, shi ya raka shi ya sayi nasa mashin, shi ne kuma babban aboki ranar da aka kawo masa amaryarsa Khairiyya.

Wata ranar Lahadi a ƙarshen damina suka kai 'yan biki Dodoru, suka juyo ba fasinja, rana ta yi sanyi. Gero ya fid da kai dama da hagu, hanya duk laka. Da suka hau kwalta Taju ne a gaba. Ranar kuwa bai yi gudu ba, ya rage wuta ne don su jera, yana waiwayowa yana cewa, "Tsohuwa, ko in ɗaura maka igiya in ja ka?"

Basharu ya buɗe baki zai rama, sai ya ga tifar yashi da ke tahowa ta kauce wa wani rami, ta dawo hannunsu gaba ɗaya. Taju ya gan ta, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi, ya karya kai zuwa gefe. Amma ruwa ya cinye bakin kwaltar, tayar gaba ta zurma, mashin ya watsar da shi cikin titi. Basharu ya ji ƙarar da har yau bai iya kwatanta ta ga kowa ba. Tifar ba ta tsaya ba.

Bai san lokacin da ya yar da nasa mashin ba. Ya iske Taju kwance, ido buɗe, yana ƙoƙarin tashi yana cewa, "Ba komai, ba komai, ɗaga ni." Basharu ya dubi ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa, ya kawar da kai. Ya kwanto robar da yake ɗaure kaya ya ɗaure cinyar iya ƙarfinsa, ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu har wata motar ɗaukar buhuna ta tsaya. A asibitin Gwandu aka tsayar da jini, aka ce wannan sai babban asibitin Kalgo. A Kalgo likita ya ja Kawu Garba gefe ya yi masa bayani a hankali. Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "A yi abin da zai tsirar da rai."

Aka yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Da Basharu ya dawo gida ya iske 'yan tasha sun kawo masa mashin, sun jingine shi a zaure, madubi ɗaya ya fashe. Washegari da safe ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya kama kan mashin zai fitar. Nan ya ga hannuwansa suna rawa kamar na mai zazzaɓi. Ya saki, ya goge tafin a wando, ya sake kamawa. Sai ya ji motsi a bayansa. Inna Dije ce tsaye a ƙofar cikin gida, carbi a hannu, idanunta sun kumbura.

"Ina za ka?"

"Tasha, Inna."

"Basharu, dube ni. Jiya ɗan ƙanena aka yanke wa ƙafa. Yaron da na goya da zanen ga. Ba ni zama in jira ranar da za a shigo mini da kai naɗe cikin tabarma. In ka ƙara ɗora ƙafarka bisa wanga ƙarfe, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Lauratu da ke tsakar gida ta saki muciya ta ce, "Subhanallahi, Inna!"

"Na faɗa, kuma kin ji."

Basharu ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ya mayar da mashin lungun zaure ya lulluɓe shi da tsohon buhu. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, da ta furta maganar, wani sanyi ya ji ya sauka a ƙirjinsa. Yanzu duk wanda ya tambaye shi, yana da amsa mai mutunci: mahaifiya ta hana. Ba sai ya ce wa kowa hannunsa ne ke rawa ba, ba sai ya ce in ya rufe ido tifar nan yake gani ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Taju bai yi ganganci ba. Da gudu yake yi, da Basharu ya ce wa ransa ai ni ba na gudu. To, a kan tafiyar Tsohuwa aka taka shi.

Ya shiga neman abin yi. Lokacin rainon irin albasa ne, sai ya samu wani mai gona a fadama ya ɗauke shi ban ruwa da cirar ciyawa. Jikin da ya saba zama a kan kujerar mashin ya sha mamaki. Bayansa ya riƙe, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Ranar kasuwa yakan yi dako, yana ɗauko buhu yana wucewa ta gaban tashar da ya shekara goma sha wani abu yana zama, samarin su yi shiru har ya wuce. Ba wanda ya ƙara kiran sa Tsohuwa. Da suna masa tsiyar ma da ya fi masa sauƙi.

Abin da yake samu bai kai rabin na da ba, ga shi baki ya ƙaru. Kawu Garba ya tsufa, gonarsa ba ta wuce cin wata biyu. Khairiyya ga ciki ya tsufa, ga jinya a Kalgo, kullum sai an ci, kullum sai an sayi magani. Ba wanda ya ce wa Basharu nauyinka ne, amma ba wanda zai ɗauka in ba shi ba. Lauratu ta fara suyar ƙuli-ƙuli. Tuwo ya koma sau ɗaya, miya ta tsinke, babbar 'yarsu Mubaraka ta daina tambayar kuɗin tara na makaranta don ta gaji da jin "gobe".

Wani hantsi wani magidanci ya yi sallama daga Maruda, Malam Ɗalha, wanda Basharu ya daɗe yana kawo matarsa awo. Ya ce matar ta ce ita ba ta hawa bayan kowa sai shi, ga shi watanta ya kama. Basharu ya ba shi haƙuri, ya nuna masa mashin lulluɓe da buhu a lungu, ya ce mahaifiyarsa ta hana shi hawa. Malam Ɗalha ya gyaɗa kai ya ce, "Maganar uwa ba abin wasa ba ce. Allah ya ba mu mafita." Ya tafi yana share zufa. Basharu ya bi bayansa da kallo, yana jin kamar ya yi masa ƙarya, alhali gaskiya ya faɗa.

Da yamma, bayan yara sun fita, ya tambayi Lauratu, "Ke me kika gani game da mashin ɗin nan?"

Ta ci gaba da murza tunkuza ba ta ɗago ba. "Malam, kada ka sa ni tsakaninka da Inna."

"Ba Inna na tambaya ba, ke na tambaya."

Ta tsaya. "Da kana hawa, in la'asar ta wuce ban ji ƙarar mashin ɗinka ba, hankalina tashi yake, ban taɓa gaya maka ba. Yanzu ba na jin wannan. Yanzu tukunya nake kallo. To wanne zan zaɓa maka? Ni dai ina son ka da ranka, ina kuma son yara su ƙoshi. Ban san yadda ake haɗa su ba."

Zuwa Kalgo ya zama masa aiki. Da, in ya buga mashin, kafin fura ta tsinke ya isa. Yanzu sai ya zauna a tasha a jira mota ta cika, a sauke shi Birnin Kebbi, ya nemi wata. Wata Juma'a ya isa da kwanon dambu da Lauratu ta yi. Ɗakin da Taju yake dogo ne, gadaje jere, warin magani da na ciwo sun haɗu. Taju ya rame, wuyansa ya yi tsawo, zanen da aka rufa masa ya kwanta shafe a inda ƙafar dama ya kamata ta tasa shi.

"A'a, Tsohuwa! An ce ka yi murabus."

Basharu ya yi murmushin dole, ya ajiye kwanon. "Ya jikin?"

"Jiki ga shi. Ka san abin dariya? Babban yatsan ƙafar da aka yanke ke mini ƙaiƙayi. In kai hannu in sosa, sai in sosa katifa." Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya nuna da haɓa. "Ka ga wancan mai farin bandeji a ka? Fasinja ne. Na kusa da shi malamin makaranta ne, nasa mashin ne na kansa. Tsohon can kuwa ko hawa bai yi ba, tafiya yake da ƙafarsa aka kwashe shi. Ɗakin ga rabinsa namu ne."

"Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah," in ji Basharu.

Fuskar Taju ta canza. "Khairiyya ta ce dako kake yi a kasuwa."

"Aiki ne."

"Ta ce Mubaraka da ƙannenta gayan tuwo suke ci don a kawo mini nama. Ƙarya ne?"

Basharu ya tura masa kwanon dambun, Taju ya ture shi gefe.

"Ni aka yanke wa ƙafa, kai ka gurgunce! Ƙafa ɗaya aka yanke, gida biyu sun zauna. Wallahi da ina da ita, yau ɗin nan da na hau. Mi kake tsoro? Wanda kwanansa ya ƙare, ko kan gadon uwarsa yake sai ya tafi."

"Inna ce ta hana."

"Inna! Ka dube ni ka ce Inna ce kawai."

Mutanen gadajen kusa suka juyo. Basharu ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya miƙe ya ce zai je masallaci kada a tayar. Bai kai ƙofa ba ya ji Taju na kiransa, da wata irin murya da bai san shi da ita ba. Ya dawo. Taju ya kama masa hannu ya riƙe gam, hawaye na bin gefen fuskarsa suna shiga kunne.

"Yaya Basharu, kada ka ji maganata. Zafi ne. Ina kwance ina ganin ana ciyar da ni kamar jariri, shi ke sa ni hauka. In ka hau saboda bakina wani abu ya same ka, ina zan sa kaina? Kada ka hau. Ko ka hau. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Tun suna yara Taju bai taɓa ce masa Yaya ba. Basharu ya zauna a bakin gadon har ladan ya kira.

Bayan wannan da ɗan lokaci, Lauratu ta lura Inna na ɗingishi, tana kuma jan zane har ƙasa ko a cikin ɗaki. In an tambaye ta sai ta ce sanyin ƙashi ne. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita, Lauratu ta shiga gyara mata shimfiɗa, wari ya buge ta. Ta ɗaga zanen ta ƙwala wa Basharu kira.

A ƙaurin Inna akwai ƙuna mai faɗin tafin hannu, ta ruɓe, gefenta ya yi baƙi, an shafe ta da man shanu da toka. Basharu bai buƙaci a gaya masa ba. Duk ɗan kabu-kabu ya san shatin ƙunar salansar mashin.

"Inna, wa ya goya ki?"

Ta juyar da fuska bango. Da ƙyar maganar ta fito. Ranar da ta ce za ta gaisuwar rasuwa a unguwa, Ceberu ta tafi, yayarta ce ba lafiya aka aiko. Mota ba ta shiga hanyar, ruwa ya yanke ta. Ta tsaya bakin hanya har rana ta take, sai ta hau bayan wani da ba ta ko san sunansa ba. Yana ta zuba gudu, tana roƙonsa yana dariya, da suka zo wani kwalbati ya yi tsalle da ita, ƙafarta ta manne da ƙarfen. Ta cije ba ta yi kuka ba. Ta dawo ta ɓoye, don da wane baki za ta faɗa?

Ba ta iya taka ƙafar, jikinta kuma kamar garwashi. Asibiti na can ƙarshen gari. Basharu ya fito zaure, ya tsaya gaban buhun nan. Ya kai hannu, ya janye. Sai ya fita da gudu zuwa bakin titi ya tsayar da Lukuman, wani abokin aikinsa na tasha.

Shi ya ɗauko Inna kamar yarinya ya ɗora ta bayan Lukuman, ya gyara mata zane, ya nuna mata inda za ta sa ƙafa. "Don girman Allah, Lukuman, a hankali. Ka bar shi a giya ɗaya. Kada ka bi ta bakin kasuwa."

"Haba Basharu, ai uwata ce."

Lukuman ya yi iya ƙoƙarinsa, amma Basharu na biye da su a ƙasa yana sassarfa, yana ganin duk abin da shi da ba zai yi ba: ga ramin da ya kamata a kauce wa ta hagu, ga yashin da ba a taka birki a kansa, ga akuya na shirin tsallakawa. Inna na tangaɗi, ta riƙe rigar wani da hannu bibbiyu. Mutane na kallonsa, ƙato da mashin a gida yana bin uwarsa da gudu a ƙasa. Kafin su isa numfashinsa ya kusa ɗaukewa, kuma ba gudun ne kaɗai ya jawo ba.

Aka kankare ciwon, aka yi mata allurai, aka ce da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban. Kullum da hantsi Basharu ke wanke mata da ruwan gishiri kafin ya wuce fadama. Wata safiya yana durƙushe yana naɗa bandeji, ta ɗora hannu a kansa.

"Hannunka ya lalace," ta ce.

"Aikin gona ne, Inna."

"Na gan ka ranar, kana bin mu. Ina waiwaye ina ganinka." Ta yi ajiyar zuciya. "Na hana ka hawa, ni kuma na hau. Gobe Lauratu za ta hau, jibi Mubaraka. Duk bayan wani za su hau, wanda bai san zafinsu ba. Abin ga ya riga ya zame mana ƙafa a garin ga, ban san yadda aka yi ba. Da muna yara jaki ne, ba mu ji ya kashe kowa ba."

Basharu ya ƙulle bandejin, ita kuwa ta ci gaba.

"Maganar da na yi, tsoro ya sa ni. Na janye ta, duniya da lahira, na yafe maka. Amma ka ji ni da kyau: ban ce ka hau ba. Ba ni cewa. In na ce ka hau, abu ya faru, ni na kashe ka. Kai namiji ne, ka yi shawara da Ubangijinka."

Ya fito daga ɗakin jikinsa ya fi na da nauyi. Katangar da yake fakewa a bayanta ta rushe, ya rage daga shi sai buhun nan na zaure. Ya ci gaba da zuwa fadama kamar ba a yi maganar ba. In zai fita sai ya bi ta gefe kada rigarsa ta taɓa mashin. Lauratu ta ji abin da Inna ta ce, amma ba ta tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Ya yi istihara bai ga komai ba. Wani lokaci yana tsakiyar ban ruwa sai ya yanke cewa gobe zai sayar da mashin ya huta, kafin ya iso gida ya warware. In ya sayar ya ci kuɗin, sai kuma me? Wani lokaci ya yanke gobe zai hau, da asuba ya ji tifa ta wuce can titi, ya fasa.

Ana cikin haka Khairiyya ta haihu, namiji, aka kuma sallamo Taju ana gobe suna. Aka kawo shi a mota, ya fito da sanduna biyu a hammata, ƙafar wandon dama an naɗe ta an soke da fil. Ya ƙi a riƙe shi. A dokin ƙofar gidansu sandar ta zame ya faɗi, ya tashi da kansa yana cewa, "Ƙasar gidanmu ce, gaisawa muka yi." Ba wanda ya iya dariya. Washegari aka raɗa suna ba rago, aka ce sai hali ya samu. Basharu ya ga Kawu Garba yana karɓar barka yana kallon ƙasa. Ya ga Taju zaune da jariri a cinya ɗaya, yana ƙoƙarin gyara shi kada ya gangara ta inda babu tokari.

Da ya koma gida bai shiga ciki ba. Ya yaye buhun. Ɓeraye sun ci gefen kujera, taya ta sace, mai ya bushe. Ya tura shi da hannu har wurin bakanike, ya zauna aka wanke kafireto aka sa madubi. Daga nan ya shiga kasuwa ya sayi hular kwano ta hannu, irin wadda ba ɗan kabu-kabun da ke sawa a garin sai in an ce jami'ai na kame. Da ya zo hawa, hannun ya fara rawar nan tasa. Ya yi bisimilla, ya bar shi yana rawa, ya buga.

Ba a yi murna a gidan ba. Inna ta ji ƙarar a zaure ta shige ɗaki ta saki labule. Lauratu ta dube shi da hular a ka, ta ce, "Allah ya tsare," muryarta ba ta fita sosai ba.

Ya koma aiki, amma ba Basharun da ba ne. Ya bar doguwar hanya gaba ɗaya, ko nawa za a ba shi ba ya zuwa Kalgo ko Birni, sai ƙauyuka. To amma ba ƙauyen da za ka je ba ka taɓa kwalta ba, ko kaɗan ne. In ya hango babbar mota sai ya sauka daga titin gaba ɗaya ya tsaya cikin ciyawa har ta wuce. Wasu fasinjojin su yi tsaki, wani ma ya sauka ya ce shi ba jana'iza za shi ba. Tukunya ta ɗan farfaɗo a gidajen biyu. Taju ya kafa tebur a ƙofar gida yana sayar da fetur a kwalabe, in Basharu ya tsaya shan mai sai su yi hirar komai ban da abin da ke ransu. Tsoron kuwa bai tafi ba. Ya dai koyi tafiya da shi, kamar mai ɗauke da ƙaya a tafin ƙafa.

Bayan an gama girbi, wata Talata da hantsi, labari ya iso tasha cewa tirela ta bi ta kan wani ɗan tasharsu, Muzzammil, a hanyar Birni. Saurayi ne mai kunya, bai daɗe da fara sana'ar ba, an sa ranar aurensa bayan salla. Ko asibiti ba a kai shi ba.

'Yan kabu-kabun Gwandu kaf suka je jana'iza. Mashina suka cika bakin maƙabarta, jere kamar ranar kasuwa. Aka sa shi a makwancinsa, aka jera itace, aka mayar da ƙasa, liman ya yi addu'a ya yi wa mutane nasiha a kan gaggawa. Kowa ya ce amin da idanu jajaye. Ana shafawa, sai ga ƙarar mashina ta tashi lokaci ɗaya, kowa ya kama gabansa, wasu tun kafin su bar wurin sun fara neman fasinja cikin masu ta'aziyya. Ba rashin imani ba ne, akwai masu jiran cefane a gida.

Basharu ya zauna a kan nasa, hula a hannu, ya kasa bugawa. Wurin ya kusa watsewa sai ya ga wani dattijo ya fito daga maƙabartar a ƙarshe, yana jan ƙafa, babbar rigarsa duk jar ƙasa. Mahaifin mamacin ne. Motar da ta kawo gawa ta riga ta tafi, 'yan'uwa kowa ya zaci yana tare da wani. Tsohon ya tsaya ya dubi doguwar hanyar gari, rana na dukan tsakiyar ka. Sannan ya dubi mashin ɗin Basharu, ya daɗe yana dubansa.

"Ɗana," ya ce, "gwiwata ba ta kai ni. Ka kai ni gida?"

Basharu ya sauko, ya tattare masa rigar kada ta shiga taya, ya taimaka masa ya hau. Ya miƙa masa hular, tsohon ya girgiza kai. Suka kama hanya a hankali. Ba su yi nisa ba Basharu ya ji hannuwan tsohon sun zagaye cikinsa sun ƙanƙame, ya ji goshinsa ya kwanta a tsakiyar bayansa, kafaɗunsa na girgiza. Rigar Basharu ta jiƙe a wurin. Bai waiwaya ba, bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya zuba wa hanya ido, ya riƙe kan mashin da duk ƙarfin da ya rage masa, har suka shiga gari.